Yadda ake ɗana wa masu turo tarkacen imel tarko ba tare da ya kama na gida ba

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutoci da imel na wata makaranta mai zaman kanta a nan Sakkwato, wajen Mabera. Muna da sabar da munka yi haya, Postfix da SpamAssassin ke kanta, ma'aikata kamar 70 ke amfani da ita. Tarkacen saƙonni sun ishe mu: na 'yan damfara, na tallan magani, na wai a sabunta BVN. Anka ce mini in ɗana tarko, wato in buɗe adireshin da ba na kowa ba don in riƙa kama su. Muna da adireshin tsoffin ma'aikata kusan 15 da sunka bar aiki, ina tunanin in mayar da su tarkon. Shin hakan daidai ne, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, na ji daɗin tambayar nan, domin ka faɗi abin da ke kan sabarka (kwamfutar da ke riƙe imel ɗinku), wato Postfix mai karɓa da raba saƙonni da SpamAssassin mai tace su, da kuma yawan mutanenka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: ko tarko zai rage tarkacen da ke cika akwatunan ma'aikata, da kuma ko adireshin nan 15 za su iya zama tarkon. Na farko, e, zai taimaka. Na biyu, a'a, ba yanzu ba. A kan na biyun zan fi daɗewa, don a nan na ga an fi yin ɓarna, kuma ni ma na taɓa yin ta da hannuna.

Duk dabarar tarko ta ginu ne a kan rauni ɗaya da mai turo tarkace yake da shi: bai san waɗanda yake rubuta wa ba. Tun tallan farko da aka sani a wannan harka, wanda Gary Thuerk na kamfanin DEC ya watsa wa mutum kusan 400 a kan ARPANET, kakan intanet, a 1978, daga kundin adireshi aka kwashi sunayen, babu wanda ya ce a turo masa. Yau ma haka abin yake, sai dai kwasar ta koma hannun na'ura. Akwai manhajojin da ke bin intanet shafi-shafi suna kalen duk abin da ke ɗauke da alamar @. Akwai 'yan cinke, masu jera sunaye a gaban sunan domen ɗinka, wato abin da ke bayan alamar @, su yi ta harbawa ko za su dace. Akwai masu sayen jerin adireshin da aka sato daga rumbun bayanan wani kamfani. A cikinsu babu mai iya bambance adireshin da ke da mutum a bayansa da wanda babu kowa.

To ka ɗauka kana da lambar wayar da tun da aka ƙirƙire ta ba a taɓa ba kowa ba, ba ka taɓa kira da ita ba, ba ka rubuta ta a takardar kowa ba. Ranar da ta yi ƙara, ba sai ka ɗauka ba ka san mai kiran laluɓe yake yi. Tarkon imel ke nan. Shi kansa ba ya tare ko saƙo ɗaya daga shiga akwatin shugaban makaranta. Aikinsa ba da shaida: ya tara maka samfurin da ka tabbata tarkace ne, kai kuma ka ɗauki samfurin ka koya wa rariyarka, wato manhajar tace saƙonni irin SpamAssassin. Manyan masu baƙin littafi na duniya, wato masu tara jerin sabobin da ke turo tarkace, irin Spamhaus da Steve Linford ya kafa a 1998, da SpamCop, da Project Honey Pot da ya fara a 2004, da irin waɗannan tarkuna suke tara shaidarsu, sai dai nasu ba su ƙirguwa. Naka ƙarami ne, amma yana ganin abin da nasu kan makara kafin ya gani, wato tarkacen da aka ɗinka daidai jikin mutanenmu, mai zancen BVN da NIN da tallafin gwamnati da gurbin aikin Hajji.

Kafin tarko

Zan wuce wannan da sauri, amma kada ka tsallake shi. Ka tabbatar Postfix yana ƙin karɓar saƙon da aka turo wa adireshin da babu shi tun a bakin ƙofa, da lambar 550, wato amsar da ke cewa babu wannan adireshi. Idan ka kunna akwatin nan mai haɗiye duk saƙon da ba shi da mai shi, kashe shi, wannan juji ne, tarko dabam. Ka tabbatar kana tambayar jerin ZEN, wato baƙin littafin Spamhaus, kuma ta hanyar DNS na sabarka (mai nemo lambar kwamfuta daga sunanta), misali manhajar Unbound, domin Spamhaus ba ya amsa tambayar da ta biyo ta manyan DNS na jama'a irin 8.8.8.8. Na sha tarar da sabar da mai ita ke ganin yana da wannan kariya alhali wata da watanni ba ta aiki. Sannan SPF da DKIM da DMARC na domen ɗinku, wato hanyoyin tabbatar da cewa saƙo daga domen ɗin da ya ambata ya fito, su zauna daidai. Waɗannan su ke kwashe mafi yawan kaya. Tarko na abin da ya tsallake su ne.

Adireshin tsoffin ma'aikata

Mu koma kan layin waya. Wa bai taɓa sayen sabon layi ba, kwana biyu sai ga wata dattijuwa ta kira tana neman ɗanta, ko saƙon banki na wani ya riƙa shigowa? Kamfani ya karɓe layin daga tsohon mai shi ya sake sayarwa, amma mutanensa ba su sani ba. Dattijuwar nan ba 'yar damfara ba ce. Adireshin ma'aikacin da ya bar aiki haka yake. Yana cikin wayoyin iyayen yara, yana cikin littafin masu kawo muku littattafai da kayan ɗakin gwaji, ya yi rajistar taruka da mujallu da shi, wataƙila har bankinsa da shi ya sani. Duk waɗannan da izini suke rubutowa.

Ga abin da ya faru da ni. Shekarun baya ina kula da imel na wata cibiya a cikin garin nan, sai ma'ajin kuɗinsu ya yi ritaya. Akwatinsa shi ya fi kowanne cika da tarkace, don adireshin ya daɗe a fili. Bayan wata uku na ga dama ta samu, na karkatar da shi zuwa tarko, na sa duk abin da ya faɗa ciki a koya wa rariya da dare cewa tarkace ne, ba tare da ido ya gani ba. Makonni kaɗan sai sabon ma'aji ya fara kuka cewa takardun farashi da rasit ba su iso masa. Wani dare bayan Isha'i na zauna a ofishin, janareta na ƙugi a waje, na buɗe akwatin tarkon ina bin saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin tallan agogo da na maganin ƙarfi sai ga saƙon wani bawan Allah daga Illela, layi biyu da Hausa, ya haɗo da hoton tela ta banki da ya ɗauka a kan tabarma, gefen yatsansa ya fito a hoton, yana roƙon a tabbatar masa kuɗin ɗansa sun shiga. Sau uku ya turo cikin kwana goma. Babu wanda ya amsa masa, kuma duk turowa sai rariyata ta ƙara koyon cewa mai irin wannan magana ɗan damfara ne. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Sai da na share duk abin da rariyar ta koya na faro daga tushe, washegari kuma na nemi lambar mutumin na kira shi na ba shi haƙuri.

Saboda haka ga yadda za ka yi da 15 ɗin nan. Ka rufe su ruf, duk wanda ya rubuto ya sami 550, wato babu wannan adireshi. Mutumin kirki idan saƙonsa ya dawo zai nemi wata hanya, kamfanin kirki kuma manhajarsa za ta cire adireshin daga jerinta. Mai tarkace ne kawai ba ya duba abin da ya dawo. Ka bar su a haka aƙalla wata 12 cur. Bayan nan ka buɗe su a ɓoye na wata ɗaya ko biyu kana kallon abin da ke shigowa, ba ka koya wa rariya komai. Wanda ka ga har yanzu mutane na nemansa, mayar da shi rufe. Adireshin muƙami kuwa, irin na ma'aji da magatakarda da ofishin ɗaukar ɗalibai, kada ya taɓa zama tarko, ya koma hannun wanda ya gaji kujerar. Haka postmaster da abuse, ƙa'idar intanet ta tanadi a same su a kowane domen kuma mutum ya riƙa karanta su. Akwai kuma ɓangaren amana: abin da ke shigowa akwatin tsohon ma'aikaci sirrinsa ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta hau kan makarantarku kamar yadda ta hau kan banki. Ka sanar da shugabanninka, a rubuta a ajiye.

Tarkon da zan fara da shi

Sabon adireshi fil, wanda bai taɓa zama na kowa ba. Biyar zuwa goma sun isa. Sunan ya yi kama da na mutum don manhajar kale ta ɗauka, amma ya yi nisa da sunan duk wani ma'aikacinku. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda littattafan Turawa ke nunawa, domin sunanmu ɗaya yakan zo da rubutu uku ko huɗu. Muhammad ne ko Mohammed ko Muhammed? Usman ko Usmanu? Aisha ko A'isha ko Aishatu? Idan malaminku Muhammad ne ka buɗe tarko da Mohammed, iyayen yara za ka yi ta kamawa. Ka haɗa suna da harufa da lambobin da hannun mutum ba zai kai gare su bisa kuskure ba, kuma ka guji kalmomi irin su tarko ko spam (tarkace da Turanci) a cikin sunan. Masu wannan sana'a suna tace jerinsu su ma; kifi na ganinka mai jar koma.

Sai shuka. Ka saka adireshin a cikin rubutun HTML da aka gina shafin intanet na makaranta da shi, ta yadda idon mai ziyara ba zai gani ba amma manhaja za ta tsinta. Ka rubuta gargaɗi a gefensa cewa kada a aiko da saƙo nan, saboda makafi masu amfani da manhajar karanta allo, wadda kan iya karanto abin da ido bai gani ba. Kowane wuri ka ba shi adireshinsa dabam, ka riƙe ɗan littafi: wannan na shafin farko ne, na saka shi ranar kaza, wannan na shafin sakamakon jarrabawa ne. Ranar da kamu ya fara za ka san ta wace kafa aka shigo. Wata hanyar mai sauƙi tana cikin log ɗin Postfix, wato kundin da yake rubuta duk abin da ya faru. Nemi layukan da ke cewa User unknown, za ka ga wasu adireshin da ba a taɓa buɗe su ba a tarihin makarantar amma kullum ana harbo musu saƙo. Waɗannan sun riga sun shiga jerin masu tarkace da kansu. Ka zaɓi waɗanda ba su yi kama da sunan kowa ba, ka ɗana.

Abin da ba a yi: ba a yin rajistar komai da adireshin tarko. Idan ka sa shi a fom ɗin wata mujalla don ka jawo saƙonni, ka ba da izini ke nan, shaidarsa ta faɗi. Ba a aika saƙo da shi, ba a sa masa amsa ta kai tsaye, ba a danna mahaɗar da ke cikin abin da ya kama, har da wadda ke cewa danna nan ka fita daga jeri. Manhajar da kake buɗe akwatin da ita ka hana ta sauko da hotuna, don ɗan hoton da ido ba ya gani ya isa ya gaya wa mai turowa an buɗe. Kuma ka kama bakinka. Wanda ya san tarkonka yana iya zuba shi a fom ɗin kamfanonin kirki da gangan, rariyarka ta koma tana zubar da tsaba tana riƙe dusa.

A Postfix aikin bai fi minti goma ba: a cikin saitin virtual_alias_maps ka karkatar da duk adireshin zuwa akwati guda. A SpamAssassin ka jera su a saitin all_spam_to don kada rariya ta tare saƙon kafin ya isa. Ka yi haƙuri da shi. Ƙaramin domen yakan yi makonni, wani lokaci watanni, kafin kamu ya kankama.

Abin da za ka yi da kamun

A cikin SpamAssassin akwai sashen da ake kira Bayes, sunan wani malamin lissafi na Ingila, Thomas Bayes. Dabarar ta bazu a harkar imel bayan rubutun da Paul Graham ya yi a 2002. Abin da sashen ke yi ƙidaya ce: wannan kalma sau nawa ta fito a tarkace, sau nawa a saƙon kirki. Daga nan ya ba sabon saƙo maki, makin ya haɗu da na sauran ƙa'idoji, idan jimla ta kai 5.0 a sa masa alama. Da umarnin sa-learn --spam ake ciyar da shi kamun tarko.

Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na ɗaya, Bayes ba ya fara aiki sai ya ga tarkace 200 da saƙon kirki 200. Tarko gefe ɗaya kawai yake ba ka. Ɗaya gefen kai za ka nemo, da sa-learn --ham, daga saƙonnin aiki na gaskiya da masu su suka yarda a yi amfani da su. Ni a wurina wannan gefen ya fi na tarkon daraja ga makaranta irin taku. SpamAssassin yana zuwa da ƙa'idoji irin ADVANCE_FEE da LOTS_OF_MONEY, waɗanda aka rubuta don kama wasiƙun 'yan 419. To dubi saƙonnin ofishin ma'ajinku: lambar asusu, tura kuɗi, miliyan kaza, a yi gaggawa. Kalmomin da rariyar ke zargi su ne abincinku na kullum. Idan ba ka nuna mata ɗaruruwan saƙonninku na halak ba, na Hausa da na Turanci da masu gauraye, ba ta da yadda za ta san cewa a gidan nan haka ake magana. Ka riƙa ciyar da ɓangarorin biyu kusan daidai wa daida.

Na biyu, ka gudanar da sa-learn da sunan asusun da rariyar ke aiki da shi a sabar. Idan ka koyar a matsayin root, babban asusun sabar, alhali amavis ko spamd, manhajar da ke tafiyar da rariyar, da wani asusu yake gudana, rumbu biyu ka gina, kana zuba hatsi a wanda ba a ɗiba. Buga sa-learn --dump magic da asusun rariyar, ka dubi nspam da nham, wato adadin tarkace da na saƙon kirki da ta koya. Idan ba su motsi, karatunka ba ya isa inda ake bukata.

Game da koyarwa ta kai tsaye, shawarata wata biyun farko ka riƙa dubawa da ido kafin ka koyar. Minti biyar ne da safe. Za ka tarar da saƙonnin da suka dawo daga sabobin wasu, saboda mai tarkace ya ari adireshin tarkonka ya sa a matsayin mai aikawa. Ana gane su da cewa gurbin mai aikawa a ambulan fanko ne. Ka ware su, kada rariya ta koyi ƙin sanarwar dawowar saƙo, wadda ma'aikatanka ke bukata. Bayan ka gamsu akwatin na da tsabta, sai ka ɗaura wa cron, manhajar da ke yin aiki a lokacin da ka tsara mata, aikin dare, amma ya riƙa koyon saƙon da ya kwana biyu, don ka sami sararin tsame kuskure. Idan wata rana ka koma Rspamd, wata rariyar dabam, yana da sashe na musamman mai suna spamtrap da ke yin wannan aiki, har ya ɗauki zanen yatsan saƙo don gane 'yan'uwansa ko an ɗan sauya kalmomi.

Za ka ji sha'awar toshe lambar IP, wato lambar kwamfuta a intanet, ta duk wanda ya taɓa tarko. Yi a hankali. Manhajar spamd ta tsarin kwamfuta na OpenBSD (dabam da spamd na SpamAssassin), wadda ta shahara da wannan dabara, awa 24 take riƙe mai laifi ta sake shi, kuma ni ma ban wuce haka. Kwamfutar da ta turo sau da yawa ta wani ce da aka yi wa kutse, gobe za a gyara ta. Mafi haɗari, 'yan damfararmu da yawa da asusun Gmail ko Outlook ko Yahoo na kyauta suke rubutowa. Ka toshe sabar Gmail saboda mutum ɗaya, ka toshe yawancin iyayen ɗalibanka. Manyan masu ba da imel ka keɓe su daga toshewa gaba ɗaya, ka bar Bayes ya yi hukunci a kan abin da saƙon ya ƙunsa.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Shawarar nan daga aikin ƙananan sabobi ta fito, masu mutum goma zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma ta dace da kai ne saboda sabar a hannunka take. Wanda imel ɗinsa ke kan Google Workspace ko Microsoft 365 ba shi ke riƙe da rariyar ba, maɓallin kai rahoton tarkace ya fi masa amfani.

Tarko mai watsa taru yake kamawa. Ba ya kama wanda ya zauna ya karanci makarantarku, ya san sunan mai makarantar da na ma'aji, ya rubuta saƙo ɗaya tak cewa ina taro a Abuja, a tura kuɗin nan yanzu. Wannan ba zai taɓa rubuta wa tarkonka ba, kuma shi ne mai kwashe kuɗi masu yawa. Haka idan aka sace kalmar sirrin malami aka riƙa turo tarkace daga cikin gida, tarko ba zai ce komai ba, sai dai ka wayi gari lambar sabarku ta shiga baƙin littafin wasu. Maganin waɗannan dabam ne: tabbaci mai mataki biyu a kan kowane akwati, ƙayyade yawan saƙon da asusu ɗaya zai iya fitarwa a awa, da doka a ofishin kuɗi cewa ba a sauya lambar asusu ko a biya kuɗi bisa imel sai an kira mutumin a lambar da aka sani tun da.

A makon nan, rufe 15 ɗin ka rubuta ranar da ka rufe su, gyara DNS, shuka sabbin adireshi biyar, ka fara roƙon ma'aikata saƙonnin kirki 200 na farko, musamman daga ofishin ma'aji da na jarrabawa. Idan wata biyu ta cika, turo mini adadin nspam da nham da kanun saƙo uku da suka tsallake rariya, ka goge sunayen mutane a ciki, mu duba makinsu tare. Allah ya taimaka.